Faɗuwar Gaba, Tsakanin Zauren Zikiri da Ɗakin Likita

Daga cikin cututtukan da Allah yake jarraba bayinsa da su akwai wata wadda ba ta fid da ƙurji, ba ta kawo zazzaɓi, ba ta kuwa kwantar da mai ita a tabarma balle 'yan'uwa su zo dubiya, amma duk da haka tana cin mutum a tsaye shekara da shekaru, ta hana shi barci, ta ɗauke masa daɗin abinci, ta raba shi da kasuwa da taron suna da na ɗaurin aure, har ya wayi gari duniya da faɗinta ta yi masa ƙunci, alhali kuwa wanda suke kwana ɗaki guda da shi bai san halin da yake ciki ba. Wani ya ce gabansa ne yake faɗuwa babu dalili. Wata ta ce zuciyarta ce take tsinkewa da zarar magariba ta kawo kai. Wani kuma ya ce tunani ne yake yi masa sallama tun sulusin dare, ba ya barinsa sai an kira assalatu. Abin da ya fi tsanani a cikin sha'aninta kuwa shi ne komowa, domin takan ɓace wata biyu ko uku, har mutum ya tabbata ya rabu da ita, ya yi sadaka ya gode wa Ubangiji, sa'an nan wata rana yana zaune a rumfarsa, ko yana tsaye cikin sahu, ko yana cikin mota a kan hanyar Zariya, sai ta faɗo masa sabuwa fil.

Ga wanda bai taɓa shaida ta ba, ga yadda mai tsananinta takan zo. Mutum yana lafiya lau sai ya ji bugun zuciyarsa ya sauya, yana jinsa har cikin kunne. Tafin hannunsa ya jiƙe, yawun bakinsa ya ƙafe, numfashi ya ƙi isa inda ya saba isa, sai ya shiga jansa da gaggawa yana haki. Yatsu da leɓɓa su sage, jiri ya ɗebe shi, sa'an nan wani yaƙini ya sauka a zuciyarsa cewa ajali ne ya iso, har ya fara kalmar shahada yana neman wanda zai bar wa wasiyya. Kafin a nemo mota a kai shi asibiti galibi abin ya lafa, domin ba ya cika wuce rabin sa'a, sai ya bar shi a gajiye tilis, ga kunyar idon mutane. Daga ranar kuwa ciwo na biyu ya shiga, watau tsoron kada ta sake dawowa: ya daina shiga tsakiyar masallacin Juma'a, ya riƙa tsayawa bakin ƙofa inda zai sami hanyar fita, ya daina tafiya mai nisa shi kaɗai, hannunsa kullum yana kan ƙirji yana sauraron zuciyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da cututtukan fargaba iri-iri a duniya, mata sun fi maza yawa a cikinsu, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani.

A ƙasarmu, idan mai wannan hali ya daure ya buɗe cikinsa, wani ya ce masa ya cika sa abu a rai, wani ya ce iska ce ta shafe shi, ko an yi masa sammu a wurin sana'a. Amma mafi ciwo shi ne wanda zai dube shi ya ce ƙarancin tawakkali ne, wai mumini ba ya tsoron kowa sai Allah. Ni dai ina ganin wannan magana zalunci ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, domin ɗora wa mara lafiya kaya take yi a kan kaya: da mutuwa kaɗai yake tsoro, yanzu yana tsoron mutuwa cikin raunin imani. Ina kuma za a kai mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina waɗanda suke kwana da takalmi a ƙafa, da 'yan gudun hijirar Borno waɗanda ko bayan sun sami mafaka jikinsu bai daina zabura ba in ya ji ƙarar babur? Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Ya kuma tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina, watau wani kunu na garin sha'ir, a bai wa mara lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji daga gare shi cewa tana sanyaya zuciya tana rage baƙin ciki. Addinin da ya aika wa mai makoki da ƙwaryar kunu ya yarda ke nan cewa zuciya tana da wata ƙofa ta wajen jiki, kuma ana iya isa gare ta ta nan a lokacin da nasiha ta kasa shiga ta kunne.

A kan wannan ƙofa wani malami na ƙarni na uku bayan Hijira ya tsaya ya wallafa littafi guda. Abu Zaidin al-Balhi, wanda aka haifa wajen shekarar 850 Miladiyya a yankin Balhu, cikin ƙasar Afganistan ta yau, ya kuma rasu a 934, ya yi karatu a Bagadaza a hannun al-Kindi, kuma an fi saninsa da ilmin taswirar ƙasashe. Amma ya bar wani littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, wanda rabinsa na farko yake bayani a kan kiyaye lafiyar jiki, rabi na biyu a kan lafiyar rai, kuma a ciki ya zargi likitocin zamaninsa da cewa sun mai da hankali ga jiki sun bar rai, alhali su biyun a sarƙe suke, idan ɗaya ya kamu sai ɗayan ya ji a jikinsa. Ya yi magana a kan fushi, da tsoro da razana, da baƙin ciki, da waswasi. Ya raba baƙin cikin da yake da sababi sananne, kamar rasuwa ko hasarar dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba tare da sababi ba, ya ce wannan na biyun daga jiki yake tasowa kuma yana bukatar maganin jiki. Ya hori mai waswasi da ya guji kaɗaici da zaman banza, ya nemi amintacce mai hankali wanda zai riƙa gaya wa abin da ke ransa. Wani masanin ilmin halayyar ɗan Adam daga Sudan, Farfesa Malik Badri, shi ya mai da rabin littafin na biyu cikin Turanci a 2013, abin da ya sa masana da yawa suka farga da shi.

Amma maganar al-Balhi da na fi ganin ta shafi masu ciwon da yake komowa ita ce inda ya ce mai hankali ya kamata ya tanadi tunani nagari a zuciyarsa tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun kafin ciwo ya zo, domin idan tsoro ya riga ya taso, hankali ba ya cikin halin da zai ƙirƙiro sabuwar hujja. Wanda ya taɓa zama kusa da mai faɗuwar gaba ya san gaskiyar wannan. A daidai lokacin da abin ya kama shi, ko ka karanto masa hujja ɗari ba ya jinka. Abin da yake iya kamawa kawai shi ne abin da harshensa da huhunsa da gaɓoɓinsa suka riga suka saba da shi har ya zama ba ya bukatar tunani. Hanyoyin da zan ambata nan gaba, na ibada da na hannu, duk inda suka yi amfani to ta wannan fuska suka yi shi, kuma duk inda aka nemi su zama maganin dare ɗaya, a nan suke ba mutum kunya.

Likitocin zamani sun bayyana abin da yake gudana a ciki. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko na gaskiya ko na zato, sai ta aika wa wasu 'yan halittu biyu da suke zaune a kan ƙoda, su zubo wani sinadari da ake kira adirenalin cikin jini, shi kuwa ya hanzarta zuciya, ya tura jini zuwa ga ƙafa da hannu, ya tsai da aikin ciki, ya shirya mutum don gudu ko faɗa. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona. Musiba ce ga wanda yake zaune a kan dardumarsa ba abin da yake binsa. Hakin da yake yi kuwa, yana zaton iska ce ta yi masa kaɗan, shi ne yake fitar da iskar kabon daga jininsa fiye da kima, wannan ne ke kawo jiri da sagewar yatsu, su kuma su ƙara tabbatar masa cewa mutuwa yake yi, sai ya ƙara hakin. Amma Wanda ya halicci hanyar tashin ya halicci ta saukar: akwai wata doguwar jijiya da take saukowa daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da huhu da hanji, aikinta shi ne rage wa zuciya gudu, kuma tasirinta ya fi bayyana a lokacin da mutum yake fitar da numfashi. Saboda haka wanda ya ja numfashi a hankali har cikinsa ya taso, ya kuma sake shi a tsawace fiye da yadda ya ja, yana taɓa zuciyarsa ta hanyar da ba ta bi ta tunani ba.

To, a dubi abin da Musulmi yake yi sau biyar a yini. Fuƙaha'un mazhabar Imamu Malik, tun daga ƙananan littattafan da yara suke karantawa a zaure, sun lissafa natsuwa da daidaito cikin farillan salla, watau gaɓoɓi su tsaya cak a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Kuma hadisi ya umurci mai fushi ya zauna in yana tsaye, ya kishingiɗa in yana zaune. Ma'abota ɗariƙa sun ƙara a kan wannan. Batijjane yana da lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100. Yana da wazifa kullum, wadda galibi ake yi cikin jama'a, a zauna a kewaye farin ƙyalle, a yi istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, murya guda, gudu guda, ba mai riga wani. Wanda yake karatu a bayyane ba shi da ikon yin haki: dole ya ja numfashi sau ɗaya, ya sake shi sannu a hankali gwargwadon tsawon jimlar. A 2001 wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa sun buga bincike a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya, inda suka auna masu jan carbin Kiristoci cikin Latin da masu maimaita kalmomin yoga, suka tarar duka biyun suna saukar da numfashi zuwa kimanin shida a minti, tare da daidaituwar bugun zuciya da hawan jini. Na kawo wannan ne ba don in mai da zikiri motsa jiki ba, Allah ya tsare; mai wazifa don Allah yake yi, kuma Alƙur'ani ya riga ya danganta natsuwar zukata da ambatonsa tun kafin a ƙera na'urar awo. Sai dai sanin sababi ba ya rage darajar Mai sabbabawa, kuma yana da fa'ida ga mara lafiya ya san cewa gaggawar da yake yi a wuridinsa don ya cika adadi tana hana shi wani rabo da yake cikin yinsa a tsanake.

Inda jiki ya fi shiga cikin ibadar sirri a ƙasar Hausa kuwa shi ne zikirin anfasu na Ƙadirawa, wanda ya yaɗu a Kano da kewayenta a hannun Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, tare da bandiri da Maukibin da ake fita kowace shekara cikin watan Rabi'us Sani. Wanda ya tsaya a gefen halƙa daren mi'adi zai ga an fara a zaune, da karatu da salati. Sa'an nan a miƙe, kafaɗa tana gogar kafaɗa, tsoho kusa da yaro, mai babbar riga kusa da ɗan dako, masu bandiri su fara bugu a hankali. Ana fara hailala a sarari, kowane harafi yana fita; can sai a koma ga sunan Allah shi kaɗai; can kuma sai haruffan su narke, ba a jin komai sai numfashi yana fitowa daga ƙirazan mutane masu yawa a lokaci guda, jiki yana sunkuyawa yana ɗagowa tare da shi. Jagora yana tsakiya yana lura, shi yake ƙara gudun da tafi ko da ishara, shi kuma yake sassauta shi. In ya ga wani ya fara fita daga hayyacinsa, sai wani babba ya matso ya riƙe shi. Gumi yana zuba, zuciya tana dukan uku-uku, numfashi yana sama. Sa'an nan a sauko da shi mataki-mataki har a zauna, mai karatu ya ja ayoyi, a shafa fatiha.

Abin da ya daɗe yana ba ni tunani a nan shi ne, alamomin da mai faɗuwar gaba yake gudu, watau bugun zuciya da haki da gumi da jiri, su ne dai mai anfasu yake shiga cikinsu da ƙafarsa, amma a wurin da yake jin aminci, hannun ɗan'uwa a kafaɗarsa, sunan Ubangijinsa a ƙirjinsa, kuma yana da tabbacin cewa akwai mai saukar da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da wata hanya mai kama da wannan: sukan sa mara lafiya ya yi haki da gangan, ko ya hau bene da gudu a gabansu, sau da yawa, har jikinsa ya koyi cewa zuciya tana iya bugawa da ƙarfi ba tare da an mutu ba. A ganina wani sashe na sauƙin da wasu muridai suke samu daga nan yake. Amma daga nan kuma haɗarin yake, domin wanda ciwonsa yake kan ganiya, in aka jefa shi tsakiyar halƙa ba shiri, zikirin yana iya tayar masa da abin da ya zo gudu, ya fita yana zaton aljanu ne suka ƙi sunan Allah a jikinsa, ya koma gida da sabon tsoro. Irin wannan ya fi kyau ya fara daga gefe, a zaune, da zikiri mai sanyi.

Sa'an nan akwai aikin hannu, wanda mutanenmu ba su cika ɗaukarsa a matsayin maganin rai ba ko da yake yana yi. Mai fargaba wuyansa da kafaɗunsa a ɗaure suke dare da rana, haƙoransa a cije, kansa yana sarawa daga ƙeya. Shi ya sa za ka ji ya ce jini ne ya taru masa, ya aika a kira wanzami. Wanzami ya zo da zabirarsa, ya zaunar da shi a inuwa ya tuɓe masa riga, ya jiƙa wurin, ya kafa ƙaho tsakanin kafaɗu ya zuƙe iskar da baki ya toshe 'yar kafar, ya bar shi har fata ta taso. Ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya sake kafawa. Cikin wannan rabin sa'a mutumin da bai zauna wuri guda ba tun safe yana zaune kansa a sunkuye, ana taɓa bayansa, ana yi masa hira, ba wanda yake tuhumarsa. Ƙaho sunna ce tabbatacciya, kuma masu yi suna cewa sun ji jikinsu ya saki. Amma binciken likitoci bai tabbatar da cewa fid da jini yana warkar da fargaba ba, kuma askar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, don haka sabuwar reza wajibi ce. Haka tausar da tsofaffi suke yi da man kaɗe ko man shanu, da gasa jiki da ruwan ɗumi, suna kwance abin da tsoro ya ɗaure, kuma ba su da illa. Sai dai mai jego tana bukatar kulawa ta dabam: tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon gazawar zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Saboda haka mai jegon da take haki, zuciyarta tana bugawa, ƙafafunta suna kumbura, kada a ce mata tunani ne ko iska. Asibiti za a kai ta a ranar.

Mu juya ga asrari, inda maganar ta fi wuya. Neman waraka da ayoyi da sunayen Allah tsohon abu ne a wurin malamanmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tattara fa'idodin surori a cikin Tabshirul Ikhwan a 1839, kuma har yau ana rubuta ayoyi a allo a wanke a sha, ana tofi, ana ba da laƙani. Malaman Izala, tun kafuwar ƙungiyar a Jos a 1978, sun yi inkarin da yawa daga cikin wannan, suka tsaya a kan ruƙiyya da zikiran safiya da maraice da suka zo a hadisi. Ba wannan saɓani na zo warwarewa ba, kuma mara lafiya a kowane ɓangare yake yana da abin riƙo na yau da kullum. Abin da nake so a lura da shi shi ne ƙa'idar da shehunan tarbiyya na gaskiya suka gindaya, cewa ba a jan wani suna mai nauyi da adadi mai yawa sai da izini, ba a shiga halwa sai ƙarƙashin idon shehi. Jama'a sun san dalilin, domin kowace unguwa tana da labarin wanda aka ce ya ja wuridin da ya fi ƙarfinsa ya taɓu. Ko da mutum bai shiga bahasin hadiman sunaye ba, abin da ido yake gani ya isa: saurayi mai rauni ya kulle kansa a ɗaki kwanaki, ya rage ci, ya bar barci, ya rabu da mutane, yana maimaita kalma guda dubbai, yunwa da rashin barci da kaɗaici kuwa su ne abubuwan da suka fi saurin birkita ƙwaƙwalwa, kaɗaicin kuma shi ne al-Balhi ya hana mai waswasi. Masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun tattara irin waɗannan labarai a 2017 daga masu dogon zaman tafakkuri na addinin Buda, suka sami tsoro da firgita da rikicewar hankali a cikinsu.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce inda wuridin kansa yake komawa abincin ciwon. Za ka ga mutum ya ja dubu, sai zuciya ta ce masa ya tsallake ƙwaya ɗaya, ya sake daga farko. Ya yi alwala sau biyar don salla guda. In barci ya kwashe shi bai karanta abin da aka ba shi ba, gobe ba zai iya fita kasuwa ba, don ya tabbata wani abu zai same shi. Wannan ya daina ambaton Allah, ya koma gadin kansa da lissafi, kuma fuƙaha'u sun san shi, shi ya sa suka yi wa wanda kokwanto ya aura hukunci na musamman, suka ce ya yi watsi da shakkar ya wuce. Irin wannan mutum shi ne kasuwar 'yan tsibbu: yau a ce masa kishiyar uwarsa ce, gobe a ce abokin cinikinsa ne, a karɓe kuɗin rago, ya sami sauƙin mako guda saboda an ba tsoronsa suna, sa'an nan ciwon ya komo, ya nemi wani malamin da ya fi na farko zafi. A ƙarshe ya rasa dukiya, ya ɓata da dangi, tsoron kuwa ya ƙaru, tun da yanzu yana da abokan gaba a cikin gidansa. Malamin kirki ana gane shi da cewa yana rage wa mara lafiya kaya: ya ba shi kaɗan da zai iya dawwama a kai, ya hana shi zargin mutane, ya tambaye shi ko yana barci, ko yana ci, ko ya je an duba shi.

Tambayar nan ta ƙarshe ba ƙarama ba ce, domin akwai cututtukan jiki da suke sa rigar fargaba. Halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta yake kawo maƙoƙo, in ta yi aiki fiye da kima tana sa bugun zuciya da rawar hannu da gumi da rama. Ƙarancin jini yana sa haki da bugun zuciya. Yawan goro da shayi mai kauri da kofi suna tayar da abin ga mai shi. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, suna jefa matasa cikinsa musamman in sun yi ƙoƙarin bari. Ƙwayar baliyam da 'yan'uwanta, da ake saya a kemis ba takardar likita, tana kwantar da tsoro yau, amma jiki yana saurin sabawa da ita, har barinta ya zama wani ciwon. A asibiti akwai magungunan da ba su da wannan kamu, ko da yake sai sun yi makonni kafin su fara aiki, akwai kuma magani ta hanyar zama da gwani a warware tunani a koyi fuskantar abin da ake gudu. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake hana mutum lazimi ko tsayuwar dare.

Haɗa hannu tsakanin likita da masu maganin da jama'a suka amince da su ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna har duniya ta zo koyo, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma likitocin wannan fanni a ƙasar mai mutum fiye da miliyan 200 'yan ɗaruruwa ne, kuma asibitocinsu a Arewa, irin su Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, sun yi wa mafi yawan mutane nisa, ga kuma tsoron kada a ga mutum a ƙofarsu a ce ya haukace. Mai faɗuwar gaba a ƙauye limaminsa zai fara gaya wa, ko muƙaddaminsa, mace kuwa malamar Islamiyyarta ko ungozoma. Ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohi da shugabannin ɗariƙu da na ƙungiyoyin addini su shirya wa waɗannan mutane bita ko ta yini biyu ce, a nuna musu alamomin ciwon wuya da na gazawar zuciyar mai jego, da yadda ake gane mai shan ƙwaya, da yadda ake zaunar da wanda abin ya kama a lissafa masa numfashi har ya sauko, da kuma maganar da in mara lafiya ya furta ta, kamar cewa ya gaji da rayuwa, ba a barinsa ya kwana shi kaɗai sai an kai shi ga likita.